Rana da sankarar fata: ina gaskiya, ina ji-ta-ji-ta?

Duk inda aka ta da zancen illar rana ga fata a ƙasar Hausa, ba a rasa mai cewa, "Ai wannan damuwar Turawa ce, mu a rana muka tashi." Akwai gaskiya a maganar, amma ba duka ba, kuma ragowar ce ke kai mutane asibiti a makare. Rashin sani ya fi dare duhu, don haka bari mu ɗauki maganganun da ke yawo ɗaya bayan ɗaya mu tantance.

"Baƙar fata ba ta kamuwa da sankara." Ƙarya ne. Gaskiyar da ke ciki ita ce, sinadarin melanin da ke ba fatarmu launi yana tare kaso mai yawa na wani haske mai ƙuna da ke cikin rana, wanda ido ba ya gani, masana ke kira UV. Shi ya sa sankarar fata ta fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin farar fata, musamman a Ostireliya da Niyu Zilan. Amma ƙaranci daban, babu daban. Mafi haɗarin nau'in cutar, melanoma, idan ta kama baƙin mutum ta fi fitowa a inda ba a zato: tafin ƙafa, tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Nau'in da ke fitowa a waɗannan wurare ba rana ce ke jawo shi kai tsaye ba, don haka ko wanda ke wuni a inuwa bai tsira ba. Ita ce ta kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley. A 1977 aka ga baƙin tabo a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafarsa, aka fara ɗauka rauni ne na ƙwallo. Ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

Akwai kuma wata hanyar da cutar ke zuwa mana, wadda likitocin fiɗa a Afirka suka sani sarai: tsohon gyambo da ya ƙi warkewa, ko tabon ƙunar wuta na shekara da shekaru. Idan irin wannan tabo ya sake buɗewa, bakinsa ya yi kauri yana tsiro, yana wari ko zubar jini, ba na shafa mai a ɗaure da tsumma ba ne. Na asibiti ne.

"Gishiri ne ke sa zabiya fitar da ƙuraje da baƙaƙen tabo." Ƙarya ce tsagwaronta, kuma tana da tsada. A sassa da dama na Najeriya ana hana yaro zabiya gishiri, sannan a ɗora masa farantin talla da tsakar rana. Zabiya an haife shi ne da ƙarancin melanin ko rashinsa gaba ɗaya, gado ne daga uwa da uba duka biyu, ba laifin kowa ba ne, kuma ba a ɗauka ta cuɗanya. Abin da ke cin fatarsa rana ce. Dubi ƙeyar yaro zabiya da ya wuni a waje ba hula: ta yi jajir, washegari ta yi bororo, leɓensa na ƙasa ya tsattsage, saman kunnuwansa ya yi ɓawo. Shekaru na tafiya, wuraren nan sai su yi kaushi kamar an barbaɗa yashi, ka kankare su dawo. Wannan kaushin shi ne gargaɗin farko, daga cikinsa sankara ke tasowa, galibi a fuska, wuya da kai. Zabaya da yawa a Afirka suna gamuwa da ita tun suna 'yan shekara ashirin da wani abu, lokacin da tsaransu ke fara gina rayuwa.

Abin da ke ceton su bai fi ƙarfin talaka ba: malfa mai faɗin baki da ke rufe kunne da ƙeya, riga mai dogon hannu mai kaurin saƙa, laima, tabarau mai tare UV, da man kariya daga rana. Malamin makaranta ya ɗauke wa yaro zabiya tsayuwar fareti a rana, ya zaunar da shi a gaban aji saboda raunin ganinsa. Uba ya zaɓa masa sana'ar cikin inuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara don wayar da kai a kan zabaya, an fara a 2015, amma kariyar kanta aikin kullum ne a gida.

"Idan akwai hadari ko hazo, rana ba ta illa." Ba haka ba ne. Zafin da jiki ke ji daban, hasken UV daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 80 cikin ɗari na wannan haske na iya ratsa gajimare marar kauri. Sanyin hunturu ma ba ya hana shi sauka. Ya fi ƙarfi tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ga ma'auni mai sauƙi: idan inuwarka ta fi ka gajarta, nemi inuwar bishiya.

"Man kaɗanya ko man kwakwa ya wadatar." Suna laushi fata, suna maganin bushewa da faso, amma kariyarsu daga rana kaɗan ce ƙwarai, ba abin da zabiya zai dogara da shi ba ne. Man kariya na gaske yana ɗauke da lamba a jikin kwalba. Mai lamba SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, muddin an shafa da yawa kuma an sake bayan kowace awa biyu, ko bayan gumi da alwala. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa, inuwa da sutura ne kariyarsa.

"Man bilicin gyaran fata ne kawai." Nan ma akwai gyara. Aikin waɗannan mayuka shi ne rage melanin, wato cire garkuwar da Allah ya yi wa mutum. Sinadaran da ake zubawa a ciki, irin su haidirokwinon da makuri da magungunan sitiroyid masu ƙarfi, suna sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, rauni ya daɗe bai warke ba, makuri kuma yana lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC ta haramta makuri a kayan shafa. Likitocin fata a Dakar sun ba da rahoton matan da suka kamu da sankarar fata bayan sun shafe shekaru suna bilicin. Mai wannan shafe-shafe ta mayar da kanta cikin waɗanda rana ta fi yi wa illa.

"Manomi da ɗan acaba sun saba da rana, ba abin da za ta yi musu." Sabo ba ya goge ɓarnar, tara ta ake yi shekara bayan shekara. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa kusan mutum 19,000 ne suka mutu a 2019 sakamakon sankarar fata da aiki a cikin rana ya jawo. Ido ma yana shan nasa, domin hasken UV na daga cikin abubuwan da ke kawo yanar ido. Kakanninmu da suka saƙa malfa, Buzaye da ke naɗa rawani har fuska, sun san abin da suke yi.

"Ciwon daji ba ya son ƙarfe, in aka yanka sai ya bazu." Wannan ce mafi muni a cikinsu. Yawancin sankarar fata, idan aka gano ta da wuri, ana yanke ta a ɗinke wurin, mutum ya warke ya koma gida. Abin da ke faruwa shi ne, ana zuwa asibiti ne bayan an gama yawon magani wata da watanni, cutar ta riga ta kai kaluluwa ko ƙashi, sai a ɗora wa wuƙar likita laifin jinkirin da aka yi a gida.

To, me za a lura da shi? Tawadar Allah ko tabo da ya fara girma, ya canja launi, bakinsa ya zama ba daidai ba, ko yana ƙaiƙayi da jini. Baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi. Ciwon da ya wuce wata guda bai warke ba. Mai alwala yana wanke ƙafarsa sau da yawa a yini. Ya ɗan juya tafin ya duba, ya leƙa tsakanin yatsu. Ki duba na mahaifiyarki da idonta ya yi rauni, ka duba na tsohonka. In kuwa akwai zabiya a gidanku ko a unguwarku, ku bar masa gishirinsa, ku saya masa malfa, kuma duk tabon da kuka ga ya ƙi tafiya ku kai shi asibiti tun yana ƙarami.