KYANWARKU TA ƘOSHI, ME YA SA TAKE KAMA TSUNTSAYE?

Gidaje da yawa suna ajiye kyanwa saboda ɓera. Wannan dabara ce mai kyau, gama ɓera yana ɓarnar hatsi, yana kuma yaɗa cuta. Amma kyanwa ba ta san iyakar aikin da aka ɗauke ta ba. Yau ta kama ɓera a gindin rumbu, gobe ta kawo kurciya, jibi kuma a nemi 'yan tsaki biyu na maƙwabta a rasa. Daga nan sai rigima ta tashi, wani ya ce a buge ta, wani ya ce a kai ta daji a yar. To, akwai hanyar da ta fi waɗannan.

BA YUNWA BA CE KAƊAI

Mutane sukan ce, "Ai da an ba ta abinci da ba ta yi haka ba." Gaskiyar magana, kyanwa takan yi farauta ko cikinta a cike yake. Da zarar ta ga ƙaramin abu yana motsi, sai ta laɓe, ta yi sanɗa, ta daka tsalle. Hali zanen dutse ne. Duka ba ya kankare shi, sai dai ya sa ta ji tsoronku.

Kada kuma ku ce taku kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi, don ba ku taɓa ganin ta da tsuntsu ba. A jihar Jojiya ta Amurka masana sun rataya wa kyanwoyin gida 'yan ƙananan kyamarori. Rahoton da suka fitar a 2013 ya nuna cewa abin da kyanwoyin suka kawo gida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da suka kashe ba. Sauran sun cinye, ko kuwa sun bar shi a wurin.

ABIN DA YA FARU A TSIBIRIN MARIYON

Can kudu da Afirka ta Kudu, cikin teku mai sanyi, akwai tsibiri da ake kira Mariyon. A shekara ta 1949 aka kai kyanwoyi biyar wurin domin su kashe ɓerayen da suka dami ma'aikatan duba yanayi. Kyanwoyin suka yi ta haihuwa, har a 1977 yawansu ya kai wajen 3,400. Da suka ga tsuntsayen teku masu sheƙa a ramuka sun fi ɓera sauƙin kamu, sai suka koma kansu, suna kashe sama da 400,000 a shekara. Sai a 1991 aka raba tsibirin da kyanwa, bayan wahala ta shekaru da yawa. Ɓerayen kuwa ba su ƙare ba.

A Amurka ma wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi suna kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 kowace shekara, kuma mafi yawan ɓarnar ta kyanwoyin da ba su da mai su ce. Ku lura da wannan: kyanwar da aka yar ba ta daina kisa, ƙaruwa ma take yi.

Kada mu raina waɗannan ƙananan halittu. Tsuntsaye da yawa suna ciyar da 'ya'yansu da tsutsotsi da fara, irin waɗanda suke cin amfanin gona. Ƙadangare da tsaka su ma ƙwari suke ci.

ABIN DA AKA GWADA

A 2021 masanan Jami'ar Eksita ta Ingila suka ba da sakamakon gwajin da suka yi da kyanwoyi 355 a gidaje 219. Kyanwoyin da aka ba abinci mai yawan nama, abin da suke kawowa gida ya ragu da kashi 36 cikin 100. Waɗanda aka yi wasa da su na minti 5 zuwa 10 kullum, ya ragu da kashi 25. Waɗanda aka sa wa ƙyalle mai launi mai haske a wuya, tsuntsayen da suke kamawa sun ragu da kashi 42, amma kamun ɓera da makamantansa bai ragu ba.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi dacewa da gidan da ke da rumbu. Dalilinsa kuwa, tsuntsu yana ganin launi sosai, yakan hangi ja ko rawaya tun daga nesa ya tashi. Ɓera ba haka yake ba, kuma cikin duhu yake yawo. Ƙararrawa fa? Wani gwaji da aka yi a Ingila tun da farko ya nuna tana taimakawa, amma a na Eksita ba a ga amfaninta ba. Kuma in ta yi aiki, har ɓera take gargaɗa.

GA ABIN DA ZA KU YI

1. Ku tsare ta a ɗaki da asuba da kuma wajen faɗuwar rana, lokacin da tsuntsaye suke sauka kiwo. Da dare ku rufe ta a ɗakin ajiyar hatsi, da ruwan sha da kaskon yashi. Can ne aikinta yake.

2. Ku ba ta abinci mai nama ko kifi. Tuwo kaɗai ba ya isar kyanwa, gama ita mai cin nama ce. Kan kifi, kayan cikin kaza da guntun nama dafaffe za su taimaka. A cire ƙaya da ƙananan ƙasusuwa.

3. Ku sa yara su yi wasa da ita. A ɗaura gashin kaza a bakin zare, a ja shi a ƙasa, ta bi ta cafke. In an gama a ɗauke zaren, don kada ta haɗiye shi.

4. Uwargida ko tela za su iya ɗinka ƙyallen wuya da ragowar atamfa ja ko rawaya, mai faɗin yatsa uku. Amma a kula ƙwarai: kada a ɗaura mata igiya ko waya. A haɗa bakinsa da maɓalli mai saurin ɓallewa, domin in ya sarƙe a reshe ko darni ya kwance, kada ya shaƙe ta.

5. Ku kife 'yan tsaki da akurki ko kwando mai nauyi har su yi ƙwari. Ɗakin tantabaru kuma a ɗaga shi, a naɗe ginshiƙinsa da kwano mai santsi.

6. Ku kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata aikin hana haihuwa, muzuru kuma a dandaƙe shi. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata biyar ko shida, cikin nata kuwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana kuma iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. 'Ya'yan da aka rasa yadda za a yi da su, su ne suke zama kyanwoyin daji.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai hana kisa ƙaf, sai dai tsarewa a gida. Amma in an haɗa biyu ko uku za a ga bambanci. Ku fara da wasan zare da tsarewar asuba tun wannan mako, ku kuma ba yara aikin ƙidaya abin da ta kawo har wata guda. Wanda ya ajiye dabba, shi ne da alhakin cikinta, shi ne kuma da alhakin ɓarnarta.