Kwamfutar gem a Dantchiao: a fara da lissafin wuta

Matashin da ya tara ƴan kuɗinsa a Dantchiao, na riɗi da wake ne ko na ci-rani, ya ƙudura sayen kwamfutar tebur don buga gem, yawanci tambaya ɗaya yake riƙewa har ya isa shago: "Core i nawa ce?" Masu shago a Damagaram da Kano sun san da haka, shi ya sa amsa ba ta yi musu wuya: "i7 ce, yallaɓai." To amma ga mazaunin karkarar Magarya da Dungas, akwai tambayar da ta riga wannan, wato wace wuta ce za ta ɗauki na'urar idan an kawo ta gida.

Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a jihohin Damagaram da Maraɗi, kaso mai yawa nata daga Najeriya take shigowa, ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. An ga ma'anar hakan a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ta ba sai a Maris 2024. Ƙauyuka da yawa kuma layin bai ma kai gare su ba, sola da janareta ne gatansu. Saboda haka lambar da ta fi kowace muhimmanci a jikin kwamfutar ita ce wat nawa take ci.

Ga lissafin. Matsakaiciyar kwamfutar gem tare da allonta tana cin kusan wat 250 idan wasa ya yi zafi. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda, sai dai batirin ruwa ko na jel ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 600 ke nan, inbata kuma ta ci nata kason. Ka ga awa biyu da ƴan mintoci, wasa ya tashi. Wanda ya ɗauko katin hoto irin RTX 4090, wanda shi kaɗai yake cin wat 450, ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba. Ita ma inbatar a duba ta: wadda ke fitar da wuta mai santsi irin ta layi ake so, domin masu arahar nan kan sa akwatin wutar kwamfuta ya riƙa ƙara ko ya riƙa ɗaukewa. Wanda ke kan layin NIGELEC kuwa, ya sa kuɗin na'urar daidaita wuta da ƙaramin batirin ko-ta-kwana, wanda a Damagaram ake kira ondiler, a Kano kuma UPS, cikin kasafinsa tun farko.

Bayan wuta sai katin hoto, domin shi ne ke zana duk abin da kake gani a allo, kuma shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗinka. Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwar, Nvidia da AMD. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 kowanne wat 75 yake ci, yawancinsu ba sa buƙatar wata waya ta daban daga akwatin wuta. RX 580 na 2017 ya fi su ƙarfi, ga shi da araha a kasuwar na-hannu, amma wat 185 ne cinsa, ga zafi. RTX 3060 na 2021 yana cin wat 170. RTX 4060 na 2023 ya fi shi sauri a yawancin wasanni, amma wat 115 kacal yake ci. A ganina, mai ƙarfin aljihu a wannan yanki, a nan ya kamata ya tsaya. Mai ƙaramin ƙarfi kuma GTX 1650 ya ishe shi ƙwallo.

Na ce ƙwallo ne domin ita ce gem ɗin da aka fi taruwa a kai. PES ta koma eFootball a 2021, FIFA kuma ta koma EA Sports FC a 2023. Kamfanin EA ya ce FC 24 tana buƙatar aƙalla GTX 1050 Ti ko RX 570, da ram mai giga 8, da wurin ajiya giga 100. Kowace gem tana da irin wannan bayani. Ka fara rubuta sunayen wasanni uku da kake son bugawa, ka duba buƙatunsu, sannan ka tafi kasuwa. Idan Free Fire ce kawai damuwarka, wayarka ta wadatar, ka riƙe kuɗinka.

Yanzu mu koma kan i7 ɗin nan. Sunan shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san zubi na nawa ne, kuma lambobin farko bayan sunan su ke nuna zubin. Core i7-3770 zubi na uku ne, na shekarar 2012. Core i3-12100 zubi na sha biyu ne, na 2022, kuma ya fi wancan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba, duk da ƙaramin sunansa. Akwai wani dalili kuma na guje wa tsohon zubi: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa, ko Ryzen 2000 a ɓangaren AMD. Wanda kuɗinsa bai kai na katin hoto ba tukuna, Ryzen 5 5600G yana da nasa ƙaramin katin a ciki, wat 65 yake ci, zai ja tsofaffin PES da GTA V a matsakaicin saiti kafin hali ya samu.

Ram giga 16 ya fi kwanciyar hankali, kuma sanda biyu masu giga takwas-takwas sun fi sanda guda mai 16 aiki. Ajiya kuwa SSD, aƙalla giga 500. Tsohon faifan HDD a bar shi don finafinai. Allo mai 1080p ya isa, babba ƙarin cin wuta ne kawai.

Akwatin wuta shi ne wurin da masu haɗa kwamfuta suka fi yin ƙwange, saboda mai saye ba ya leƙa shi. Nemi na kamfanin da aka sani, mai tambarin 80 Plus, wat 500 zuwa 550 ga irin katunan da na ambata, ban da RTX 4090. Mai araha marar suna idan ya ƙone, ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba. Wasu tsofaffin akwatunan da suka fito daga Amurka suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Wutar Nijar da Najeriya ta 220 zuwa 230 ce, idan aka jona shi yana kan 115, nan take zai yi hayaƙi.

Mafi yawan abin da za ka tarar a kasuwar Dole ta Damagaram ko a titin Beirut na Kano na-hannu ne, kuma ba laifi ba ne. Tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk suna da ƙarko. Matsalarsu biyu: siraran cikinsu ba sa ɗaukar kati sai gajere, akwatin wutarsu kuma sau da yawa bai wuce wat 250 ba, mahaɗinsa na kamfanin ne, ba a musanya shi da na kasuwa cikin sauƙi. Kati mai wat 75 shi ne iyakarsu. Su kuma katunan na-hannu, a yi hattara. Da yawa, musamman RX 580, sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana, aka zubo su kasuwa bayan Ethereum ta daina amfani da katunan hoto a Satumban 2022. Akwai kuma na jabu, tsohon kati irin GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana taimakawa wajen tona irin wannan. Allon rubutu ma a duba: na Faransa AZERTY ne, na Kano QWERTY, wasanni da yawa kuma da na biyun aka tsara su.

Sai zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin nan yakan haura digiri 40, kuma fanka ba ta iya sanyaya na'ura ƙasa da iskar ɗakin. Akwati mai raga a gaba da fanka biyu ko uku ya fi mai gilashi da fitilu kala-kala, wanda ado ne kawai. Kada a ajiye ta a ƙasa, a ɗora ta bisa tebur, a rufe ta da zane idan an kashe. Lokacin hunturu a buɗe ta a hure ƙurar aƙalla sau ɗaya a wata, a riƙe fankar da yatsa yayin hurawa.

Intanet ma lissafi ne. Sauke gem mai giga 100 da datar Airtel, Moov ko Zamani ba ƙaramin kuɗi ba ne, eFootball kuma ba ta sakewa sai da layi. Wanda niyyarsa buɗe shagon gem don yara su riƙa buga ƙwallo, PlayStation 4 ta fi masa sauƙin wuta da kulawa. Kwamfuta ta fi dacewa da wanda zai haɗa wasa da wani aiki, kamar tace bidiyon biki, zanen kati ko karatu.

Ranar ciniki, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka. Ka sa a buɗe gem mai nauyi ta yi kamar rabin awa, kana kallon zafin katin. Idan ya haura digiri 85 ya zauna can, ko hoto ya fara tsage-tsage, ka bar musu kayansu. Ka sa a buɗe akwatin ka ga abin da ke ciki da idonka, mai shago kuma ya rubuta lambar kowane kaya a rasit tare da kwanakin garanti, domin daga Dantchiao komawa Kano ko Damagaram da lalatacciyar kwamfuta wani kuɗin motar ne.