Babi na Tara: Ƙwayar Barci da Faɗuwar Majinyaci

Idan majinyaci ya faɗi a asibiti, sai ka ji an ce "ai tsufa ne," ko "santsin tayil ne ya kwashe shi." Wannan magana tana ba ni haushi, domin tana kashe bincike tun ba a fara ba. Da wuya a tambayi abin da aka ba shi ya haɗiya da ƙarfe 9 na dare, alhali sau da yawa a nan matsalar take.

Mutane sun ɗauka ƙwayar barci kariya ce: a ba tsoho ya samu barci, ba zai sauko daga gado ba, kowa ya huta. Ina! Fitsari ba ruwansa da ƙwaya. Tsakar dare zai matsa masa, ya tashi da kai mai nauyi da ƙafafu marasa ƙarfi, a ɗakin da bai saba da shi ba, ga robar ƙarin ruwa a hannu. A asibitin Mayo da ke Amurka an bi diddigin majinyatan da aka rubuta wa ƙwayar barci mai suna zolpidem. Cikin waɗanda suka sha, kusan 3 cikin 100 sun faɗi. Cikin waɗanda aka rubuta wa amma ba su sha ba, ba a kai 1 cikin 100 ba. Kuma zolpidem ɗin nan an fito da shi ne da sunan ya fi tsofaffin ƙwayoyi sauƙi!

Diazefam, wanda aka fi sani da Valium, shi ne ya fi damuna. A jikin ɗan shekara 20, rabinsa kan fita cikin kusan awa 20. A jikin ɗan shekara 80 yakan ɗauki kusan awa 90. Wato ƙwayar daren Litinin tana nan tana aiki ranar Alhamis, an kuma ɗora mata ta Talata da ta Laraba. Shi ya sa wani likita a Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ba su dace da tsofaffi ba a 1991. Har yau ana sabunta jerin, kuma dangin diazefam suna ciki.

Sauran magungunan da ke jawo faɗuwa ba sa bukatar dogon bayani. Maganin hawan jini kan jawo jiri idan aka miƙe farat ɗaya. Idan lambar sama ta awon jini ta sauka da 20 cikin minti 3 da tsayuwa, akwai haɗari. Lasix yana ƙara yawan zuwa banɗaki, don haka aka fi ba da shi da safe. Insulin kan sa sikari ya yi ƙasa. Tiramadol, kodin da Piriton suna kawo magagi, balle a haɗa su.

Wasu kuma sun dogara da ƙarfen gefen gado. Wanda magani ya ruɗa haurawa zai yi, ya faɗo daga wuri mafi tsayi.

Ku masu zaman jinya, duk maganin da kuka sayo a kemis ko kuka zo da shi daga gida, ku nuna wa likita ko nas, kada ku ba shi a ɓoye. Idan an fara ba Baba sabon magani, kada ku bari ya tafi banɗaki shi kaɗai da dare. Ya fara zama a bakin gado tukuna, sannan ku kama shi ya miƙe.