Koyar da Ingilishin Kasuwanci a Ƙetare: Ta Ina Malami Zai Fara?

Ingilishin kasuwanci daban yake da wanda ake koya wa yara domin jarrabawar WAEC. Shi ne na rubuta wa kamfani wasiƙa, ciniki ta waya, da fahimtar takardun banki da na kwangila. Ɗalibansa manya ne, galibi 'yan kasuwa da ma'aikata masu neman abin da zai yi musu amfani gobe da safe.

Malamin Birnin Kudu ko Gwaram ba sai ya hangi nesa ba, ga Nijar nan. A 2025 hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ke saro kaya daga Dubai yana buƙatar Ingilishi, kuma a ganina malamin da zai warware masa darasi da Hausa ya fi wanda zai zo daga Landan amfani.

Akwai kuma hanyar gwamnatin tarayya. Shirin TAC, wanda aka kafa a 1987, yana tura malamai da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka, Karebiyan da Fasifik na shekara 2. Yana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje.

Makarantun ƙasashen Larabawa kuwa kan nemi digiri da takardar shaida irin CELTA ta Cambridge, mai tsada. Nan dillalan bogi ke shigowa. Kada malami ya miƙa fasfo ko kuɗi kafin ya ga takardar kwangila ya kuma tuntuɓi makarantar da kansa.