Buroshin Haƙori Mai Lantarki: Abin Da Mai Juna Biyu Za Ta Duba Kafin Ta Saya

A ɗakin awon ciki akan duba hawan jini, da nauyi, da yawan jini, da kwanciyar ɗa. Amma akwai wata damuwa da mata da yawa ke dawowa da ita gida ba tare da sun faɗa wa kowa ba, wato jinin da suke gani idan sun goge baki da safe. Wata ta ɗauka laulayi ne kawai, wata kuma ta daina goge bakin gaba ɗaya don tsoron kada ta ƙara jin ciwo.

A 'yan shekarun nan kuma buroshi mai lantarki ya shigo kantunan magani da manyan shagunan Kano, musamman irin wanda aka rubuta Sonic a jikin kwalinsa. Masu talla suna cewa shi ne maganin jinin dasashi da warin baki. To, uwargida, shin ya cancanci kuɗin da za a kashe a kansa a daidai lokacin da ake tanadin kayan haihuwa da na suna? Wannan shi ne abin da za mu duba a wannan fitowar.

Me ya sa dasashi ke jini lokacin goyon ciki?

Kullum akwai wani farin danƙo mai ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke taruwa a gindin haƙori, inda ya haɗu da dasashi. Idan ba a goge shi ba, sai dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa zubar da jini da an taɓa shi. Sauyin sinadaran jiki da ciki ke kawowa yana sa dasashi ya fi saurin kumbura ko da danƙon kaɗan ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 60 zuwa 75 cikin 100 na masu juna biyu suna samun wannan kumburi. Yakan fara daga wata na biyu ko na uku, ya tsananta wajen wata na takwas, sannan ya lafa bayan haihuwa idan an kula da tsabta.

Ke nan jinin da kike gani alama ce cewa wurin yana buƙatar ƙarin goga a hankali. Idan aka daina, danƙon zai daskare ya zama kamar dutse, kuma daga nan babu buroshin da zai iya cire shi sai likitan haƙori. Idan aka ci gaba da sakaci, cutar na iya gangarawa ta cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori, har ya fara girgiɗi. Bincike ya nuna cewa mata masu wannan cuta mai zurfi sun fi haifar bakwaini ko jariri mara nauyi, duk da cewa masana ba su tabbatar cutar ce ke haddasa hakan kai tsaye ba.

Akwai kuma maganar da ake yi cewa ɗan ciki ne ke tsotse ƙarfin haƙorin uwa, shi ya sa mace ke rasa haƙori bayan haihuwa. Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da ke cin haƙorin mai ciki shi ne amai, da ƙwannafi, da yawan ciye-ciyen kayan zaƙi saboda kwaɗayi, da kasalar goge baki da daddare.

Yadda buroshin yake aiki

Buroshi mai lantarki ba sabon abu ba ne, an ƙera wani irinsa a ƙasar Suwizalan tun 1954. Irin na Sonic kuwa ya fito kasuwar Amurka a 1992 da sunan Sonicare, kafin kamfanin Philips ya saye shi a 2000. Kansa dogo ne kamar na buroshin da muka saba, amma yana karkarwa da sauri ƙwarai, kimanin sau 31,000 a minti ɗaya, alhali hannun mutum bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Akwai kuma iri na biyu mai ɗan ƙaramin kai zagayayye da ke juyawa dama da hagu, wanda kamfanin Oral-B ya shahara da shi.

A 2014 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 56 da aka kwatanta buroshin lantarki da na hannu. Ta gano cewa bayan wata uku ana amfani da shi, na lantarki ya fi rage danƙon haƙori da kashi 21 cikin 100, ya kuma fi rage kumburin dasashi da kashi 11 cikin 100. Mafi yawan hujjar ma a kan mai juyawa aka same ta. Wannan ya nuna cewa buroshin yana da amfani, amma ratar ba ta kai yadda masu talla ke zuzutawa ba. Babbar fa'idarsa ga mai ciki ita ce yana yi mata rabin aikin a ranar da jiki ya yi nauyi, kuma yana tuna mata lokaci. Karkarwarsa ba ta da wata illa ga ɗan ciki.

Abubuwa shida da za ki duba

1. Kawunan canji. Wannan shi ne na farko, kuma shi aka fi mantawa. Kan buroshin yana buƙatar canji duk bayan wata uku, wato guda huɗu a shekara. Kafin ki biya, tambayi mai kanti ko yana sayar da kan daban, da kuma nawa ne, sannan ki duba ko ana samunsa a wani kantin a Gyadi-Gyadi ko Tarauni. Buroshin da aka aiko daga waje amma babu kansa a gari, bayan wata uku ya zama kayan ado.

2. Laushin gashi. Dasashin mai ciki ba ya son gashi mai tauri. Zaɓi wanda aka rubuta Soft ko Sensitive a jikinsa, kuma mai ƙaramin kai, domin babban kai yana tayar da zuciya idan ya kai haƙoran ciki.

3. Agogon minti biyu. Mai kyau yakan ɗan tsaya duk bayan daƙiƙa 30 don ki koma wani ɓangaren baki, sannan ya kashe kansa bayan minti biyu. Yawancin mutane ba sa kaiwa wannan lokaci da buroshin hannu.

4. Alamar dannawa. Wasu suna kunna fitila ko su sauya ƙara idan an danna da ƙarfi. Ga mai jinin dasashi wannan ya fi duk wasu maɓallai na ƙawa amfani, haka nan maɓallin rage ƙarfi.

5. Caji. Tunda wuta ba ta tsayawa, nemi wanda caji ɗaya ke kai shi mako biyu ko fiye. Wanda ake caji da igiyar USB ya fi dacewa da mu, domin za a iya jona shi da fawa-bank ko sola, kuma idan igiyar ta lalace ba wuya a samu wata a kasuwar waya ta Farm Centre. Idan daga Amurka aka kawo shi, a duba jikin cajar. Wadda aka rubuta 100–240V za ta yi aiki a nan, amma mai 110V kaɗai za ta ƙone da an jona ta.

6. Inganci. Saya a kantin da za ki iya komawa, a cikin kwali rufaffe, tare da rasit. Araha ba ta ado. Akwai masu arha da ke ƙara kawai a hannu, amma gashin ba ya motsi sosai. Kada kuma a sayi kan buroshi na gwanjo ko wanda aka buɗe ledarsa.

Ba sai kin sayi mai haɗuwa da wayar salula ko mai maɓallai biyar ba. Ƙarin kuɗi ne da ba ya ƙara tsabta.

Yadda za ki yi amfani da shi

Sa man goge baki mai sinadarin fuloraid, mai lambar NAFDAC, wanda aka rubuta 1,000 zuwa 1,500 ppm a jikinsa. Shi ne ke kare haƙori daga rami, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Sa buroshin a baki kafin ki kunna, ki ɗan karkata shi wajen dasashi, ki bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Kada ki dirza kamar ana wankin tukunya. Sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci. Idan kin gama ki tofar, amma kada ki kurkure da ruwa nan take.

Idan kin yi amai, kada ki goge baki a lokacin. Tsamin ciki yana tausasa fatar haƙori, goga kuma sai ta kankare ta. Kurkure da ruwa, ki jira rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya. Idan karkarwar tana tayar miki da zuciya a watannin farko, ajiye shi ki koma na hannu har laulayi ya wuce. A guji gawayi, da toka, da kanwa, da furen taba.

Idan babu hali fa?

Babu abin damuwa. Buroshin hannu mai laushi, da man fuloraid, da minti biyu sau biyu a rana, sun wadatar. Asuwakin da muka gada, na itacen asuwaki ko na darbejiya, yana cire danƙo idan an iya amfani da shi, sai dai ba ya kaiwa bayan haƙoran ciki sosai, don haka a haɗa shi da buroshi. Maigida, idan kuɗin ba za su isa buroshin lantarki da ganin likitan haƙori ba, to a fara da likita.

Sauran iyali

Mata da miji na iya amfani da mariƙi ɗaya, amma kowa da kansa, a yi masa alama. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara uku buroshin lantarki. Ƙwayoyin cutar da ke sa ramin haƙori suna wucewa daga bakin uwa zuwa na jariri ta yawu, kamar idan an tauna masa abinci ko an lashi cokalinsa. Ashe tsabtar bakinki kariya ce ga haƙoransa, waɗanda za su fara fitowa wajen wata shida. Kada kuma ki sha maganin tetarasaikilin da ciki, domin yana dusashe launin haƙoran jariri tun kafin su fito.

Yaushe za a zo asibiti?

A zo idan jinin ya wuce mako biyu duk da ana gogewa yadda ya kamata, ko haƙori na girgiɗi ko ciwo, ko ruwa na fita daga dasashi, ko wani jan tsiro ya fito tsakanin haƙora. Kumburin fuska da zazzaɓi kuwa ba a kwana da shi. Wankin haƙori, da cike rami, da allurar kashe zafi duk ba sa cutar da ciki, kuma wata na huɗu zuwa na shida ya fi sauƙin zama a kujerar likita. Sai dai ki sanar da shi watannin cikinki da magungunan da kike sha.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana da sashen kula da haƙori. A awonki na gaba, faɗa wa ungozoma ko likita halin da bakinki ke ciki don a tura ki can. Idan kin riga kin sayi buroshin, zo da shi a nuna miki yadda ake riƙe shi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raba lafiya.