Muhammadu Bello Da Yaƙin 'Yandoto

Duk matafiyin da ya bar Tsafe ya nufi Gusau a Jihar Zamfara, zai ratsa ta 'Yandoton Daji. A wannan yanki ne tsohon birnin 'Yandoto ya zauna, birnin malamai wanda almajirai suka riƙa yi wa tsinke daga nesa tun zamanin da yake ƙarƙashin sarakunan Katsina. A nan ne kuma Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya gamu da wata jarrabawa wadda ba kowane sarkin yaƙi ke gamuwa da irinta ba.

An haifi Bello a 1781, ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Yana da shekara 23 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma cikin shekarar nan ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto inda jama'ar Shehu ta fatattaki rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Amma ba a daɗe ba ya ɗanɗani ɗacin yaƙi. A Tsuntsuwa an kashe musu mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani 200, sa'an nan a 1805 aka sake karya su a Alwasa.

To, cikin wannan hali na ƙunci ne, tsakanin ƙarshen 1805 da farkon 1806, Bello ya nufo 'Yandoto. Dalili kuwa shi ne yawancin malaman garin ba su yarda da hujjar jihadin ba, har magoya bayan Shehu irin su Malam Sambo Ɗan Ashafa suka rasa wurin zama a cikinsa. Ga shi kuma garin yana kan hanyar da ta haɗa Shehu da jama'arsa ta Katsina da Kano da Zazzau. Barinsa haka yana nufin raba jama'a biyu.

Bisa ga abin da Bello ya rubuta cikin Infaƙul Maisuri a 1812, ya sauka kusa da garin, ya aika malamai su fito a baje littattafai, kowa ya kawo hujjarsa, wanda aka kayar ya bi. Suka ƙi. Daga nan ya auka wa garin, ya ci shi, malamansa suka watse. Masu sarautar garin daga baya suka kafu a Tsafe, inda har yau ake kiran sarki 'Yandoton Tsafe, shi kuwa Malam Sambo ya zauna Gusau.

Magana ba ta ƙare nan ba. Shehu Muhammadu El-Kanemi na Barno ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello ya amsa da cewa a wani yaƙi shi da kansa ya bi takardun da iska ke watsawa yana tsincewa har ya gaji, kuma abin ya ɓata masa rai ƙwarai. Masana tarihi da dama suna danganta wannan labari da 'Yandoto.

Bayan haka Bello ya jagoranci cin Alkalawa a 1808, inda Yunfa ya rasa ransa. Ya gina Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya kafa ribaɗoɗi don tsaron iyaka. A 1836 ya karya taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, ya rasu a Wurno a 1837.

Takobi dai ya buɗe hanyar gabas, amma muƙabalar da aka nema ba a taɓa yinta ba, 'Yandoto kuwa ba ta sake komawa yadda take ba. Ya rage ga jami'o'inmu su nemi rubuce-rubucen malamanta da suka saura a hannun zuriya, domin a ji ta bakin kowane ɓangare. Allah ya jiƙan magabata, amin.