Yoyon Notin Birki a Motocin Hanyar Baleyara

Garin Baleyara yana kan babbar hanya mai lamba 25 wadda ta tashi daga Yamai ta nufi Filinge da ƙasar Kurfai, nisan kusan kilomita 100 daga babban birnin Nijar, kuma kasuwarsa ta ranar Lahadi, wadda ta yi suna wajen cinikin dabbobi, ita ke sa motocin haya irin su Hiace da Hilux da tsofaffin Peugeot 504 su yi ta kai da komo cikin Dallol Bosso ɗauke da lodin da ya fi ƙarfinsu. Motar da ta ɗauko irin wannan kaya, ta shigo gari inda amalanken jakuna da garken shanu da raƙuma ke tsallaka kwalta a kowane lokaci, rayukan mutanen cikinta sun rataya ne a kan birki, shi kuwa birkin yana iya mutuwa ta dalilin wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wato notin fitar da iska.

Birkin waɗannan motoci da mai yake aiki. Idan direba ya taka, babbar silindar da ke bayan abin takawar tana tura mai cikin siraran bututai zuwa kowace ƙafa, bisa ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwan da ke kulle yana isa ko'ina cikinsa daidai wa daida. Motar Duesenberg ta Amurka ce ta fara fitowa kasuwa da irin wannan birki a ƙafafu huɗu a shekarar 1921, kuma tun daga lokacin abokin gābar tsarin ɗaya ne, iska, domin mai ba ya matsuwa amma iska tana matsuwa, ta yadda kumfa kaɗan a cikin bututu ya isa ya sa birki ya yi laushi, direba ya taka ya ji ƙafarsa tana nitsewa. Saboda haka ne aka sanya ɗan noti a saman abin da ke damƙe faifan birki a kowace ƙafa, da kuma saman ƙaramar silindar ƙafafun da ke da ganga, domin iska sama take taruwa, a sassauta shi ta fita tare da tsohon mai.

Wanda ya kwance notin ya ɗora a tafin hannu zai ga cewa cikinsa rami ne, akwai wata ƴar huda a gefensa kusa da ƙasa, sannan bakinsa na ƙasa a fiƙe yake kamar tsinin fensir. Wannan tsini shi ke zama cikin wani gurbi da aka yanka daidai da shi, ƙarfe a kan ƙarfe, babu roba babu wasali a tsakani, kuma a nan kaɗai ake tsare mai. Zaren da ke jikin notin, wato tsagin da ake murzawa, aikinsa danna tsinin ne cikin gurbinsa, ba shi ne ke hana yoyo ba. Rashin fahimtar wannan ne asalin mafi yawan ɓarnar da ake yi a gareji, domin yaron da ya ga mai yana tsatsa, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya ƙara ɗaurewa, har ma ya zura bututu a wutsiyar sifana don ya sami ƙarfi. Masu ƙera motoci galibi suna ƙayyade ɗaurin wannan noti tsakanin newton-mita 6 zuwa 15, wanda shi ne ma'aunin ƙarfin murzawa, alhali notin taya yana neman 100 ko fiye. Ɗaurin da ya wuce kima yana tauye tsinin ya bar masa zobe, ko ya ɓata gurbin, ko ya cinye zaren idan mazaunin na alminiyum ne, ko kuma notin ya karye a ciki tunda dama ba cikakken ƙarfe ba ne.

Ƙasar ma tana da nata kason. Ƴar hular robar da ke rufe kan notin ita ce abu na farko da ke ɓata, kuma ba a cika damuwa da mayar da ita ba, sai yashin dallol da ƙurar hunturu su cika ramin, ruwan damina ya biyo baya ya daskarar da su. Ranar da aka sassauta notin, ƙwayar yashi guda ta faɗa tsakanin tsini da gurbi, to ko an ɗaure mai zai sami hanya. Ga kuma motocin da aka yi amfani da su a Turai kafin a shigo da su ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, waɗanda da yawansu sun sha gishirin da ake watsa wa tituna a can lokacin ƙanƙara, sun iso da notocin da tsatsa ta riga ta ci. Sai matsalar noti na aro, wanda aka ciro daga wata mota dabam: zaren yana iya hawa, amma idan tsawon ko fiƙar tsinin ta bambanta, ba zai taɓa zama ba.

Ba kowane danshi ne yoyo ba, kuma makanike mai natsuwa yakan tabbatar kafin ya taɓa sifana. Bayan an fitar da iska, ɗan man da ya saura cikin ramin notin yakan fito idan ƙafa ta yi zafi. Haka nan man da ke ɗiga daga mahaɗin tiyo, inda ƴan wasalin jan ƙarfe suke, yakan gangaro ya taru a gindin notin a ɗora masa laifi. Hanyar tantancewa ita ce a wanke wurin ya bushe sarai, wani ya taka birki da ƙarfi ya riƙe kamar rabin minti, a dafa farar takarda a kan notin da gindinsa. Idan takardar ta jiƙe, ko abin takawar yana sauka a hankali, yoyon na gaskiya ne.

Gyaran ba shi da tsada. A kwance notin, a goge tsinin da gurbin, a duba su a cikin haske. Idan akwai zobe ko ramukan tsatsa a tsinin, a sa sabo mai lamba ɗaya da na asali, a ɗaure da yatsu har ya zauna, sannan a ƙara kaɗan da sifana mai zobe, a sake fitar da iska, a mayar da hula. Idan gurbin ne ya lalace, sai dai a gyara shi da kayan yanka na musamman ko a canza mazaunin gaba ɗaya. Naɗa farin zaren masu gyaran famfo, ko leda, ko ɗiga gam, duk aikin banza ne tunda ba ta nan ake tsare man ba, kuma ɓarɓashinsu na iya shiga ya toshe hanya. Abin da ya fi kowanne muni shi ne toshe bututun ƙafar da ke yoyo, a ce a lallaɓa zuwa Yamai, domin motar da ke da birki a ƙafafu uku za ta fizgi kanta gefe guda daidai lokacin da direba ya taka da gaggawa, lallaɓawar kuma takan zama ta watanni.

Direban da ke ajiye gwangwanin mai ƙarƙashin kujera yana ƙarawa kowace safiya, yoyo yake ciyarwa, kuma yana ƙara wata cutar. Man birki mai lamba DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshin iska, sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a digiri 140, na DOT 4 kuwa daga 230 ya sauko 155. Man gwangwanin da aka daɗe da buɗewa, a motar da ke cike da raguna cikin zafin Afirilu da Mayu, yana iya haifar da tururi a bututu ko babu iskar da ta shiga. Man inji ko na sitiyari kuwa, da wasu ke zubawa idan na birki ya ƙare a hanya, yana kumbura robobin ciki ya lalata su, ta yadda aikin da noti ɗaya zai raba sai ya koma canza silinda da tiyo na ƙafafu huɗu.